Malam Abdullahi na Gwandu da Maganin Gafala da Wasuwasi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi sawunsu da kyautatawa har ranar sakamako.

Damagaram ba ta karɓi tutar Sakkwato ba. A zamanin da ake jihadi a Gobir da Kabi da Zamfara, Barno sarakunanta suke kai wa gaisuwa. Amma littafi ba ya tsayawa a iyakar sarauta. Hanyar da fatake ke bi tsakanin Kano da Damagaram ita ce almajirai ke bi da gafakarsu, shi ya sa sunan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Mai Gwandu, Allah Ya ƙara masa yarda, ba baƙo ba ne a zaurukan karatu na Birni da na Zango. Malamai sun san shi da tafsirinsa, Diya'ut Ta'awili. Masu tarihi sun san shi da jagorancin runduna. Kaɗan ne suke tuna cewa a ƙarshen rayuwarsa wannan bawan Allah ya zauna ya rubuta magani domin mutumin da ya kabbara salla alhali zuciyarsa tana kasuwa, da wanda kokwanto ya hana shi jin daɗin ibada. Bai kuwa rubuta wannan magani ba sai da tasa zuciyar ta sha rauni mai zurfi har sau biyu.

An haife shi a ƙasar Gobir a shekarar 1180 ta Hijira, wato wajen 1766, kimanin shekara 12 bayan haihuwar wansa Shehu Usmanu Mujaddadi. Uwa ɗaya uba ɗaya suke. Kakanninsu Toronkawa ne da suka zauna a Ƙonni, shi kansa Shehu a Maratta aka haife shi, kusa da Galmi ta yau. Abdullahi ya karanta Alƙur'ani a gaban mahaifinsa Malam Muhammadu Fodiyo, da ya kai shekara 13 aka danƙa shi a hannun wansa. A wurinsa ya karanta Ishiriniya da Witiriya, da waƙoƙin Larabawan farko, da Ajurumiya a nahawu, da Ahalari da Ishmawi da Risala a fiƙihu, da tauhidi, da tafsiri, da tasawwufi. Shi da kansa ya lissafa malamansa a littafinsa Ida'un Nusukhi, cikinsu akwai Malam Jibrilu ɗan Umaru, babban malamin nan da ya yi zama a Agadas. Gidansu gidan Ƙadiriyya ne, wuridi da salatin Annabi a ciki ya tashi ya tarar da su. Larabci kuwa ya zauna masa a baki har aka yi masa laƙabi da Balaraben Sudan.

Shekarun samartakarsa duka a bayan Shehu suka ƙare, daga Degel zuwa Kabi da Zamfara, ana wa'azi ana karantarwa. Yana wurin a Magami lokacin da Shehu ya ƙi karɓar kyautar Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo, ya nemi a sakar masa hanyar kira zuwa ga Allah a maimakonta. Da aka yi hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, shi ne farkon wanda ya yi wa Shehu mubaya'a. Shi ya jagoranci jama'a a Tafkin Kwatto a watan Yuni na wannan shekara, shi ya ci Birnin Kabi a 1805.

Masu ba da labarin jihadi sukan jera nasarori su wuce. Wanda ya yi yaƙin kuwa, sunayen mutane yake tunawa. A Tsuntsuwa, ƙarshen 1804, an rasa mutane masu yawa ƙwarai, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kimanin 200 bisa ruwayar Sarkin Musulmi Bello. A Alwasa, shekara ɗaya bayan haka, aka sake shan wani kayen. Waɗannan da suka kwanta dama su ne abokan karatunsa na Degel, mutanen da suka yi hijira ba domin doki ko bawa ko sarauta ba. Da suka tafi sai sahu ya cika da wasu, waɗanda ganima ta fi damunsu da gyaran masallaci da makaranta. Tun kafin Alwasa ya ga runduna ta ƙi jin maganarsa da ta Bello a kan wawashe dukiyar mutanen da ke cikin amana.

A shekarar 1807, runduna tana kan hanyar Alƙalawa, sai ya zare jiki ya fita daga cikinta. Shi da abokansa biyar suka shiga daji suka fuskanci gabas, niyyarsa ya tafi Makka da Madina ya bar ƙasar gaba ɗaya. Kwana uku suka yi ba su ga ɗan Adam ba, sai sawun giwaye. Wazirin Shehu ke nan, jagoran Tafkin Kwatto, ya bar yaƙi a tsakiyarsa saboda abin da zuciyarsa ta kasa ɗauka.

Akwai 'yan'uwa da suke zaton duk muridin da ƙunci ya kama, to akwai ɓaraka a wuridinsa ko rauni a yaƙininsa. Labarin wannan tafiya ya isa ya gyara musu zato. Mutumin da ya yi ta malami ne na tafsiri, mai zikiri, tarbiyyar Shehu Usmanu tun yana yaro, duk da haka baƙin ciki ya same shi har ya kore shi daji. Abin lura shi ne yadda ya ba da labarin daga baya a Tazyinul Waraƙati, littafin da ya tattara waƙoƙinsa a ciki a 1813. Bai ɓoye tafiyar ba, bai kuma yi mata ado ba. Ya ambaci yadda ya ga 'yan'uwa sun karkata ga duniya suna rige-rigen mulki da dukiya da girma, sa'an nan ya sa kansa a cikin lissafin: ya ɗauki kansa a matsayin mafi muninsu, wanda abin da ya same su shi ma ya same shi. Wannan ita ce muhasaba da malaman ɗariƙa ke magana a kai. Mai ɓacin rai yakan ga laifin kowa tsaf, nasa kuwa ya ɓace masa. Malam Abdullahi ya dubi cutar da ta kore shi, ya same ta a cikin nasa ƙirjin.

Gudun kuma bai warkar da shi ba. Da ya iso Kano sai ya tarar abin da ya baro a baya yana nan yana jiransa, irin son duniyar nan da sakaci da shari'a. Mutanen Kano suka tsare shi, suka roƙe shi ya koya musu yadda ake tsayar da hukunci. Ya rubuta musu Diya'ul Hukkami, ya karanta musu tafsirin Alƙur'ani, mutane suka tuba suka farfasa kayan kiɗa da na wasa. A nan tafiyar Makka ta tsaya. Ya juya ya koma wurin wansa, Alƙalawa kuma ta faɗi a 1808. Bai sami ganin Ka'aba ba har ya koma ga Allah. Abin da ya samu a Kano shi ne aiki: mutane a gabansa suna buƙatar abin da ya sani, littafi a buɗe, alƙalami a hannu. Masu tarbiyya sun daɗe da sanin cewa hidima tana ɗaga zuciyar da kaɗaici ya danne, shi ya sa shehunnai sukan ba muridi mai damuwa tsintsiyar zawiya ko tulun ruwan alwala kafin su ƙara masa adadin wuridi.

A 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa biyu, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, yamma ga ƙanensa Abdullahi, yankin da daga baya ikonsa ya kai har Say a bakin Kwara. Malam ya zauna a Boɗinga kusa da Sifawa. Waɗannan shekaru ne na rubutu mai yawa, a cikinsu ya kammala babban tafsirinsa.

Rauni na biyu ya fi na farko zafi, domin daga cikin gida ya fito. Shehu ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu na 1817. Bisa ruwayar da ta shahara, Malam Abdullahi ya taso daga Boɗinga, ya iso ya tarar an riga an yi wa Bello mubaya'a, an kuma rufe masa ƙofar gari. Dattijo ne mai shekara hamsin da ɗoriya. Wanda ya rasu wansa ne, malaminsa ne, shehinsa ne, wanda ya riƙe shi tun yana ɗan shekara 13. Wanda aka naɗa kuwa ɗan wansa ne, ɗalibinsa. Bai tara runduna ba, bai kira kowa tawaye ba. Ya juya kan dokinsa, daga baya ya tare a Gwandu.

Ba daidai ba ne a ce abin bai taɓa shi ba, kamar yadda wasu masu son tsarkake waliyyai daga ɗabi'ar ɗan Adam suke so a faɗa. Ya taɓa shi. A wannan shekarar ya yi rubutu a kan sharuɗɗan shugabanci da yadda ake zaɓen imami, Bello ma ya yi nasa rubutun a kan mas'alar. Shekara uku zuwa huɗu aka yi tsakanin Gwandu da Sakkwato babu wani armashi. Tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa. Abin da ya bambanta wannan saɓani da na sauran masu mulki shi ne iyakar da ya tsaya: takarda da shiru. Jinin Musulmi bai zuba a kansa ba, a lokacin da kalma ɗaya daga bakin Mai Gwandu ta isa ta raba daular gida biyu. Wanda ya san zafin a wulaƙanta shi a cikin danginsa, ya san riƙe harshe shekara huɗu ba ƙaramin mujahada ba ne.

Sulhu ya zo a Kalambaina, wajen 1821. Ragowar mutanen Abdussalami da suka yi tawaye sun taru a wannan gari kusa da Gwandu, suka gagari rundunar Malam Abdullahi. Bello ya taso da tasa rundunar ya kawo wa baffansa ɗauki, aka ci garin. Da suka haɗu, sai Bello ya yi haramar sauka daga doki domin ya gaida baffansa kamar yadda ɗa ke yi. Malam ya hana shi sauka, shi ya gaishe shi da gaisuwar Sarkin Musulmi. Ana kuma ruwaito cewa ya ba Giɗaɗo ɗan Laima alkyabbarsa, alamar ya sallama masa wazirci. Babu wanda ya tilasta shi. Yana da hujjojinsa na ilimi, ya riga ya rubuta su, kuma babu malamin da zai kayar da shi a muhawara. Ya ajiye su.

Daga nan ya saki harkar mulki a hannun ɗansa Muhammadu da ɗan wansa Muhammadu Buhari, ya koma kan buzunsa. A waɗannan shekaru na ƙarshe ya yi wa masu ƙaramin ƙarfi a Larabci gajeren tafsiri, Kifayatu Du'afa'is Sudan, ya kuma yawaita rubutu a kan gyaran zuciya. Cikin littattafansa na wannan fanni akwai Tahzibul Insani, a kan tsarkake mutum daga halayen Shaiɗan, da guda biyu da sunayensu kaɗai sun isa darasi: Shifa'un Nasi, warakar mutane daga cutar gafala da wasuwasi, da Dawa'ul Waswasi, maganin wasuwasi da rafkana a cikin salla da karatun Alƙur'ani da addu'o'i.

A lura da kalmomin da ya zaɓa: cuta, magani, waraka. Bai kira mai gafala fasiƙi ba, bai kira mai wasuwasi mahaukaci ba. Majinyata ya ɗauke su. A lura kuma da wuraren da ya ambata, salla da tilawa da addu'a, wato inda kowane Musulmi ke tsayawa kullum, ba sai wanda ya shiga halwa ta kwana arba'in ba.

Cututtukan nan biyu sukan zo a jere a bakin malamai, har a zaci abu ɗaya ne, alhali kishiyoyin juna ne. Gafala ita ce zuciya ta yi tafiyarta ta bar jiki a sahu. Harshe yana Fatiha, rai yana lissafin kuɗin gero, ko yana sake maimaita wata baƙar magana da aka faɗa masa shekaranjiya, yana shirya amsar da bai bayar ba. Tasbaha tana gudu a hannu, a kai ƙarshen wuridi ba a san an fara ba. Wasuwasi kuwa zuciya ce da ta tsaya gadi ta ƙi barin mai ita ya huta. Ya wanke hannu ya sake, ya kabbara ya warware, ya yi sallama yana tambayar kansa ko uku ya yi ko huɗu, har ibada ta koma masa azaba, ya riƙa jin faɗuwar gaba in ya ji kiran salla. Na farko yana buƙatar a dawo da shi gida. Na biyu yana buƙatar a ce masa ya saki. Wanda ya sha maganin ɗaya a kan cutar ɗaya, ciwonsa ƙaruwa zai yi, kuma sau da yawa haka ke faruwa: mai wasuwasi ya ji wa'azin halartar da zuciya, ya ƙara matsa wa kansa, ya ƙara nutsewa.

Maganin wasuwasi yana nan tun a littattafan da Malam ya karanta a gaban Shehu yana yaro. Ahalari da Risala sun yi wa wanda kokwanto ya aura hukunci na daban: ya yi watsi da kokwanton, kada ya kawo abin da yake shakka a kai, ya yi sujada ba'adi ya tashi. Almajirai sukan haddace wannan a matsayin mas'alar fiƙihu su wuce, ba su lura rahama ce aka yi wa majinyaci ba. Wasuwasi da biyayya yake ƙiba. Duk sanda aka sake alwala domin a gamsar da shi, gobe sai ya nemi a sake sau biyu. In aka ƙi kula shi, ya yi ta ƙara na ɗan lokaci, daga baya ya rame.

Gafala kuwa, hanyar da Imamu Gazali ya shimfiɗa a Ihya'u, wadda gidan Fodiyo suka sha daga gare ta ƙwarai, ta raba sababinta biyu. Akwai na waje, abin da ido ke gani da abin da kunne ke ji, maganinsa a runtse gani, a matsa kusa da sutura, a nemi wuri marar hayaniya, a kawar da abin da ke jan hankali daga gaban mai salla. Akwai na ciki, wanda ya fi wuya, shi ne damuwar da mutum ya shigo da ita. Maganinta a ɗan tsaya kafin kabbara, a tuna gaban wa za a tsaya, a sallami abin da ya dami rai tun a bakin ƙofa, sa'an nan a riƙe ma'anar abin da harshe ke faɗa kalma bayan kalma. In zuciya ta kuɓuce a dawo da ita ba tare da faɗa ba, in ta sake kuɓucewa a sake dawo da ita. Dawowar nan ita ce aikin, ko da sau ɗari ne a raka'a ɗaya. Wannan tsaro na sanin Allah Yana ganin bawa a halin da yake ciki, shi ne muraƙaba.

Sai dai Gazali ya kawo misalin mutumin da ya zauna a gindin itace yana son nutsuwa, tsuntsaye suka dame shi da kuka, ya riƙa korarsu da sanda suna dawowa. Muddin itacen na tsaye, tsuntsaye ba za su daina sauka ba. Itacen shi ne abin da zuciya ta maƙale masa, dukiya ce, ko girma, ko wani haƙƙi da mutum ke ganin an danne masa. A nan rayuwar Mai Gwandu take haɗuwa da rubutunsa. Son girman da ya tsorata da shi a 1807, har ya tuhumi kansa da shi ya shiga daji, shi ne aka jarrabe shi da shi a ƙofar Sakkwato bayan shekara goma, a wannan karon kuma babu dajin da zai shiga. A Kalambaina ya sa gatari. Littattafan maganin gafala bayan wannan rana suka zo.

Bai kuma raba lafiyar zuciya da ta jiki ba. Yana da littafi mai suna Masalihul Insani, a kan abin da ke gyara addinin mutum da abin da ke gyara jikinsa, kamar yadda Sarkin Musulmi Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magunguna. Saboda haka ɗan'uwan da ƙunci ya hana shi barci da abinci, ko wasuwasi ya kai shi ga kasa fita sana'arsa, in ya haɗa wuridinsa da zuwa wurin likita bai fita daga hanyar waɗannan bayin Allah ba, kuma muƙaddamin da ya tura shi ya yi aikin muƙaddami.

Malam Abdullahi ya rasu a Gwandu a farkon shekarar 1245 ta Hijira, wato 1829, yana da shekara 65 a lissafin wata, shekara 12 bayan wansa. Ɗansa Muhammadu ya gaje shi, bayansa kuma wani ɗan nasa, Halilu, wanda ya shahara da zuhudu da nisantar idon jama'a, har baƙon nan Bajamushe Barth ya sauka a Gwandu a 1853 bai sami ganinsa ba. An buga Diya'ut Ta'awili a Alƙahira cikin mujalladi huɗu a 1961. Kabarinsa yana Gwandu, ana ziyartarsa har yau. Allah Ya ƙara masa yarda, Ya haskaka makwancinsa, amin.